Birkin motocin gwanjon soja: tambayoyin da masu mota da direbobi ke yi a Kaduna

Duk wanda ya daɗe a harkar manyan motoci a Kaduna ya san su. Tsofaffin motocin soja ne da aka yi gwanjonsu, aka shafe musu koren fenti, aka ɗora musu bodin katako ko kwandon tifa ko tankin ruwa, wasu kuma aka ɗaura musu injin haƙa rijiyar burtsatse. Akwai Marsandi 911 da 1113, akwai MAN, akwai Steyr irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, akwai DAF da Bedford, sai jefi-jefi 'yan Amurka irin M35. Injinsu na da juriya, kuma suna shiga inda wata motar ba za ta kuskura ba. Kukan da ake yi da su guda ɗaya ne, birki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na fi ji a gareji daga bakin masu mota da direbobi da yaran mota, na kuma amsa su yadda aiki ya koya mini.

Oga, haka aka ƙera su da birki marar ƙarfi, ko dai tawa ce ta lalace?

Akwai na ƙira, amma na lalacewa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Waɗannan motoci an yi su ne don tafiyar ayari a hankali, cikin daji da laka, da kaya daidai gwargwado. Ɗauki M35, wadda ƙirarta ta samo asali tun wajajen 1950. Nauyinta ba kaya kusan tan 6 ne, kayan da aka yanka mata tan biyu da rabi ne a daji, tan 5 a kan kwalta, kuma gudunta bai wuce kilomita 90 a awa ba. Birkinta duram ne, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa da taya wanda takalman birki ke matsawa daga ciki, a dukkan ƙafafu shida. A cikin wannan iyakar birkin ya wadatar.

Ga gwaji mai sauƙi. Mota ba kaya, a kan hanyar burji, a gudun da bai wuce kilomita 20 ba, ka taka birki da ƙarfi. Lafiyayyen birki zai kulle tayoyin su ja ƙasa. Idan taka ba ta iya haka ba, kada ka ɗora wa masu ƙira laifi, akwai abin da ya mutu a cikinta.

Kuma kada gejin kilomita ya ruɗe ka. Motar soja takan yi shekara da shekaru a ajiye a bariki, ka same ta da kilomita kaɗan kamar sabuwa. Ƙarfe ya huta, amma roba ba ta hutawa: tiyo ya tsufa, robobin masta, wato famfon da ke tura man birki, sun bushe, fistin ya kama tsatsa ya maƙale. Zama ya fi tafiya kashe birki.

Yaya zan gane irin birkin da ke jikin motata?

Ka shiga ƙarƙashi ka leƙa bayan ƙafa. Idan ka ga siririn bututun ƙarfe da ɗan tiyo sun shiga farantin da ke bayan duram, ga kuma ɗan nonon fitar da iska a gefe, to mai ne ke matsa takalman birkinka. Idan duk da haka motar na da kwamfireso da tankin iska, to birkinka na iska da mai ne: iska ce ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi ta cikin busta, mai kuma ya kai ƙarfin ga ƙafafun mota. Haka M35 take, haka Bedford na sojan Ingila, haka da yawa daga tsofaffin Marsandi masu gajeren hanci. Idan kuwa tukunyar iska ka gani a jikin kowace ƙafa, da tiyo mai kauri, babu tankin man birki ko'ina, to iska zalla ce, kamar manyan 'yan Amurka jerin M939.

Bambancin na da muhimmanci saboda bakaniken da ya saba da tirelolin DAF na iska zalla yakan rikice idan ya ga busta, shi kuma na ƙananan motoci bai san kan bawul ɗin iska ba. Mota mai iska da mai tana son wanda ya san hannu biyun.

Sai na yi famfo sau biyu ko uku kafin birki ya kama. Mene ne?

Ƙafarka ce geji na farko, don haka ka koyi sauraron abin da take gaya maka. A tsaye, iska ta cika, ka taka.

Idan feda ta nutse a takun farko, amma da ka yi famfo ta taso ta yi tauri, takalman ne suka yi nisa da duram. Saiti kawai suke so. A mota mai ƙafa shida, ɗan gibin da ke kowace ƙafa idan ya taru ya isa ya shanye duk man da masta ke turawa a taku guda. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, kuma ita ce mafi arahar magani, amma na sha ganin an sayi sabuwar masta a kanta.

Idan ta taso amma tana da laushi kamar ka taka katifa, iska ce a cikin mai, ko kuma tiyo ya tsufa yana kumbura duk lokacin da aka matsa. Ka sa yaro ya taka, kai kuma ka riƙe kowane tiyo da hannu. Wanda ya mutu za ka ji yana numfashi a tafin hannunka.

Idan ka danne ka riƙe, feda na sulalewa ƙasa a hankali, mai na zurarewa. Ka duba bayan kowane duram ko ya jiƙe. In ba ka ga jiƙa ba, to a cikin masta ko cikin busta yake wucewa. Busta tana da wata mugunta: takan sha mai ta ɓoye a cikinta, ka yi ta ƙara mai kana neman inda yake zuba ba ka gani.

Na huɗu shi ne feda ta yi tauri kamar dutse amma mota ba ta tsayawa. Nan ko dai busta ba ta aiki, ko iska ba ta kai ba, ko lainin, wato fatar da ke jikin takalmin birki, ya sha man giya. Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare a tsofaffin aksul: sil ɗin ƙafa, wato robar da ke tare mai, ya mutu, man giya ya kwarara cikin duram. Lainin da ya sha mai ya tashi daga aiki. Wanke shi da fetur ko ƙona shi da wuta, kamar yadda wasu ke yi, kwana biyu ne man ya sake fitowa da zarar ya yi zafi. A canja sil, a canja lainin, a kuma duba ɗan bututun numfashi na aksul, domin idan laka ta toshe shi, zafi zai tura man ta cikin sabon sil ɗin ma.

Yaya ake saitin da kyau?

A ɗaga ƙafa da jak, a tokare da kyau, a fara da boris. Idan boris na wasa, duram na rawa, duk saitin da aka yi banza ne. Sai a matso da kowane takalmi har taya ta kama, a sassauta kaɗan har ta juya da ɗan goga. Kowane takalmi da nasa, kowace ƙafa da nata, kuma hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe guda. Idan an sa sabon lainin, irin M35 tana son babban saiti, wato a daidaita har da fil ɗin da takalmin ke zaune a kai daga ƙasa, da gejin auna gibi, don fuskar lainin ta zauna a duram gaba ɗaya. Da yawa ba sa yin wannan, sai ka buɗe bayan wata guda ka ga kan lainin kaɗai ya ci, sauran sabo fil.

A na iska zalla, sandar da ke fitowa daga tukunya ake aunawa. A tukunya mai lamba 30 irin ta yau da kullum, idan sandar ta fita fiye da inci 2, wato milimita 51, ƙarfinta ya fara zubewa.

Wane man birki zan zuba? Na ji ana cewa na soja daban ne.

Gaskiya ne ga 'yan Amurka. Sojojinsu sun koma amfani da DOT 5, man silikon, wanda yake ruwan shunayya idan sabo ne. Abin da muke saye a kasuwa DOT 3 ne da DOT 4, kuma waɗannan ba sa haɗuwa da DOT 5. Idan aka gauraya su, sai su rabu a cikin bututu, datti ya taru, birki ya zama ba tabbas. Kada lambar ta ruɗe ka: DOT 5.1 dangin 3 da 4 ne, ba dangin 5 ba.

Kalar tsohon mai ba abin dogaro ba ce, takan koɗe. Ka ɗebi kaɗan daga masta ka zuba a kwalba mai ɗan ruwa ka girgiza. Idan ya narke cikin ruwan, dangin DOT 3 da 4 ne. Idan ya ware ya yi nasa layin, silikon ne, ko kuma wani ya taɓa zuba man da bai dace ba. In za ka koma DOT 4 saboda shi ake samu ko'ina, ka yi hakan ranar da kake canja robobi da tiyo gaba ɗaya, a wanke bututai, sannan a rubuta a jikin murfi don na bayanka.

Akwai dalilin da ya sa ake canja mai ko bai ƙare ba. DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake sauka zuwa 140. Duram mai zafi a doguwar gangara ya isa ya kai shi can, kuma da zarar mai ya tafasa feda ƙasa za ta tafi. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo.

Sai zuba ruwan omo a madadin man birki. Na san ana yi, na san dalilin: dare ya yi a daji, mai ya zube, ga kaya. Amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsar da zai bari. Wanda ya zuba don ya fito daga daji, to ya zubar washegari, kada ya mayar da shi ɗabi'a. Baƙin mai da man giya da gas kuwa ko a daji kada a kusanto da su, suna kumbura robobi har su toshe hanya, sai an canja komai.

Me ake nufi da layi ɗaya da layi biyu, kuma me ya sa kake yawan nanata shi?

Saboda shi ne aibin ƙira na gaskiya a tsofaffin nan. A mota mai layi ɗaya, irin M35A2, dukkan ƙafafu shida daga hanyar mai guda suke sha. Tiyo ɗaya ya fashe, ko robar ƙafa ɗaya ta yage, birkin motar gaba ɗaya ya tafi a taku guda. Babu gargaɗi, babu rabi. A mai layi biyu, gaba da baya kowa da hanyarsa, in ɗaya ya tsinke ɗayan zai tsayar da kai ko da ƙyar. Su kansu masu ƙirar sun gyara wannan daga baya, M35A3 da layi biyu ta fito.

Na taɓa gani da idona a wata tifa da ta ɗebo yashi daga bakin kogi. Tiyon baya ne ya goga da sifirin har ya huje. Direban ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, Allah ya taimake shi babu kowa a gabansa, ya jefa ta kwalbati. Tiyon da ya jawo wannan bai kai kuɗin abincin rana ba.

Don haka idan kana da kuɗin gyara guda ɗaya na ƙari, a nan za ka zuba shi: masta mai ɗaki biyu, busta biyu, tankin iska rabe biyu da bawul ɗin da ke kare ɗaya idan ɗayan ya zube. Wannan ba ya ƙara wa birki kamu ko kaɗan a ranar lafiya. Amfaninsa ranar da abu ya tsinke ne. Aiki ne na wanda ya iya lissafi, domin dole girman masta ya dace da yawan man da ƙafafun ke sha. Gara a ciro saiti guda cikakke daga mota mai irin nauyin da a tsinto ɗaya nan ɗaya can.

In kuɗin bai kai ba, akwai ƙaramin abu mai amfani. Mastar M35 a ƙarƙashin daɓen direba take, sai an buɗe murfi an leƙa, shi ya sa ba a dubawa. A jawo mata ɗan tanki mai gani-har-hanji a inda ido zai riƙa sauka kullum.

Nawa ya kamata gejin iska ya nuna?

'Yan Amurka da psi suke aunawa: kwamfireso yakan huta a wajajen 120, ƙararrawar gargaɗi kuma tana kuka idan iska ta sauka ƙasa da 60. Tsofaffin 'yan Turai da bar suke, wajajen 7 zuwa 8. Bar ɗaya psi 14 da rabi ne. Ainihin adadin motarka yana littafinta ko jikin gwamna, wato na'urar da ke tsayar da kwamfireso idan iska ta cika.

Gwajin yoyo kuwa kowa zai iya. A cika iska, a kashe inji, a sa weji. Ƙa'idar da ake koya wa direbobin manyan motoci a Amurka ita ce, mota marar jan tirela kada ta zubar da fiye da psi 2 a minti guda ba tare da an taka birki ba, ko psi 3 idan an danne an riƙe. Idan ta wuce haka, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa, kumfa za ta nuna wurin. Nan ne omo ke da aiki a birki.

Ƙararrawar da ke damun direba da safe, wadda yawanci ake cire wa waya, a mayar da ita.

Kullum tankina da ruwa, wani lokaci har da baƙin mai.

Ruwa dole ne. Kwamfireso na matse iska, danshin cikinta ya zama ruwa, musamman daga Yuni zuwa Satumba da damina ta kankama a Kaduna. Aikin yaron mota ne ya zubar da shi kowace yamma. Ruwan da ya taru yana cin wurin iska a tanki, ga shi yana bi ya tsatsa bawul da cikin busta. Tsofaffin motocin da yawa ba su zo da na'urar busar da iska ba, kuma ɗaura musu ita gyara ne mai kyau, ana samun na WABCO da Knorr a wajen masu kayan tirela. A sa ta tsakanin kwamfireso da tankin farko, da isasshen bututun ƙarfe don iska ta huce kafin ta iso.

Baƙin mai kuwa alama ce ringin kwamfireso ya ci. Ƙurar hunturu ce ke cinye shi idan matatar iskarsa ta mutu ko an yar da ita. A gyara shi kafin a sa na'urar busarwa, in ba haka ba man zai kashe ta.

Bakanikena ya ce zai ƙara wa gwamna iska don birki ya ƙara kamawa.

Kada ka yarda. Tankin da ya yi shekara 40 yana shan ruwa ya riga ya yi siriri daga ciki, tiyo da robobi kuma iyakarsu aka auna. Idan birki ba ya kamawa a iskar da aka yanka masa, ciwon na wani wuri. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na sa manyan tayoyi, sai na ji birki ya ragu. Ido na ne?

Ba idonka ba ne, lissafi ne. Duram bai ƙara girma ba, amma taya ta ƙara tsawon hannun da take murɗa shi da shi. Taya 9.00-20 tsayinta kusan santimita 102 ne, 12.00-20 kuma kusan 112. Wannan canjin kaɗai ya rage ƙarfin birki a ƙasa da kusan kashi 10 cikin 100, ga shi ya ƙara wa mota gudu a kowace giya, ya kuma rage riƙon da inji ke yi a gangara.

Lodi ya fi wannan muni. Ninka nauyi, ka ninka zafin da duram zai sha. Ninka gudu, daga 40 zuwa 80, ka ninka shi sau huɗu. Abin da muke yi a nan shi ne mu ƙara ganyen sifirin, mu ɗaga bodi, mu loda wa motar tan 5 buhun masara 120, wato tan 12, sannan mu zo gareji muna cewa birki ba shi da ƙarfi. Sifirin ya ɗauka, shasi ya jure, amma ba wanda ya ƙara wa duram ko da milimita guda. Mai tankin ruwa ma ya tuna cewa lita 1,000 tan guda ce, kuma tankin da ba a raba cikinsa ba, idan rabi ne, ruwan zai tura motar gaba bayan ta tsaya.

Wani abu da ƙarin sifirin ke ɓatawa a 'yan Turai shi ne bawul ɗin da ke auna lodi. Yana ɗaure ne tsakanin shasi da aksul, yana ba ƙafafun baya birki gwargwadon yadda mota ta zauna. Idan sifirin ya yi tauri mota ta daina zama, bawul ɗin zai ɗauka ba kaya, ya rage wa baya birki alhali an cika ta maƙil. Duk wanda ya taɓa sifirin sai ya sake saita shi.

Ƙafa ɗaya na zubar da mai. In kashe ta in ci gaba da aiki?

Buga wa bututu guduma ko cusa masa ƙusa dabara ce ta fitowa daga daji zuwa gareji, a hankali. Matsalar ita ce ba a komawa a buɗe. Na sha buɗe mota mai ƙafa shida in tarar uku kaɗai ke aiki, mai ita bai ma sani ba, haka ya saye ta. Idan ka sayi mota, ka bi kowane bututu da ido da hannu daga masta har ƙafa.

Lainin fa? Na Panteka ko na kwali?

Masu buga ribit a kasuwar Panteka ta Kaduna da sauran wurare akwai gwanaye a cikinsu, kuma ga motar da ba a ƙera kayanta yanzu, sau da yawa su ne mafita. Abin lura shi ne kayan da za su buga maka. Mai tauri sosai yana daɗewa amma ba ya kamawa, kuma duram yake ci. Ka tafi da duram ɗinka a gwada lanƙwasar takalmin a cikinsa. Ribit ya nutse sosai, lainin ya kwanta ba gibi. A canja hagu da dama tare, da kaya iri ɗaya.

Duram da ya yi zane ana iya fere shi a injin, amma yana da iyaka, galibi a rubuce a jikinsa. Wanda aka fere ya wuce iyaka yana saurin zafi, yana buɗewa ya guje wa takalmi. Mai tsagewa har baki kuwa na 'yan gwangwan ne, ba a yi masa walda.

Wata magana ga yaran gareji: tsohon lainin da yawa na ɗauke da asbestos, ƙurarsa na lalata huhu bayan shekaru. Kada a hure duram da iska ko da baki. A jiƙa a goge.

Zan iya mayar da ita birkin faifai, ko iska zalla?

Ana yi a ƙasashen waje, akwai masu sayar da kayan faifai na M35. A nan tsadarsa da wahalar samun kayan canji sun sa ban cika ba da shawararsa ba, ga shi duram ya fi jure laka da yashi. Komawa iska zalla kuwa hanyarsa mai hankali ita ce a ciro aksul gaba ɗaya da tukwanensa da bawulolinsa da tankunansa daga mota guda. Walda tukunyar iska a jikin aksul na mai da ƙiyasin ido, wannan ban yarda da shi ba.

Direbana ya ce birki na shanyewa a gangara, amma a gari lafiya lau.

Zafi ne. Duram ya buɗe, lainin ya yi santsi, mai ya kusa tafasa. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos da kaya ya san warin. Maganin rabinsa a hannun direba yake: a shiga ƙaramar giya tun kafin a fara gangarowa, giyar da za a hau da ita ko ƙasa da ita. A bar inji ya riƙe, birki kuma a taka sosai a rage gudu, a saki ya huce, maimakon a kwantar da ƙafa a kai tun daga sama. Sakin mota a firi don tsimin gas shi ne mafi haɗari, domin inji na zaman banza, kwamfireso ba ya cika abin da ake kashewa, kuma giyar ba lallai ta sake shiga ba.

Ɗaya rabin shi ne birkin salansa. Tsofaffin Marsandi da MAN da yawa sun zo da shi, ɗan maɓalli a daɓe da ake takawa da dunduniya ya rufe hanyar hayaƙi. Yawanci za ka same shi ya daskare ko an cire. Tayar da shi ba tsada, kuma yana ɗauke wa duram aiki mai yawa. Ɗaura shi a injin da bai zo da shi ba sai an tabbatar injin zai jure.

In duram ya yi zafi, a tsaya ya huce da kansa. Watsa masa ruwa na iya tsaga shi.

Tawa daga Ingila ta zo, an juya mata sitiyari. Akwai abin dubawa?

Akwai sosai. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka mota mai sitiyari a dama sai an juya ta. Masu juyawa sukan kula da sitiyari su yi wa birki aikin gaggawa: an ƙara wa sandar feda tsawo da walda, an haɗa bututu da guntun tiyon ruwa da waya, an lanƙwasa bututu har ya matse. Ka duba farantin da feda ke zaune a kai, idan yana lanƙwasa lokacin da aka taka, ƙarfinka a nan yake ƙarewa. Bututun mai ya zama na ƙarfe ko irin na birki na musamman, mai baki ninki biyu. Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji yana tsagewa da girgiza.

Birkin hannu zai cece ni idan na ƙafa ya tsinke?

A M35 birkin hannu ɗan duram ne guda a bayan giyar da ke raba ƙarfi, an yi shi don ajiye mota. A gudu da kaya, ƙonewa zai yi. Duk da haka a gyara shi, kuma weji biyu kada su bar mota. Masu iska zalla sun fi sa'a idan tukwanen bayansu masu sifirin ne, domin da iska ta zube sifirin zai kama da kansa. Amma tukunyar nan kada yaro ya kwance ta da sifana. Sifirin cikinta ya isa ya kashe mutum, ɗungurungum ake canja ta.

An gama gyara. Yaya zan tabbatar kafin in loda?

A fitar da iska daga mai bi da bi, a fara da busta sannan ƙafar da ta fi nisa, ana lura kada masta ta bushe. A yi gwajin yoyo na minti guda. Sai a tafi fili mai burji ba kaya, a taka a gudun kilomita 20, a sauko a ƙirga sawun: kowace ƙafa ta bar nata zanen, kuma mota ta tsaya a miƙe. Bayan an ɗan zagaya, a kusanta bayan hannu ga kowane duram ba tare da an taɓa ba. Wanda ya yi sanyi ba ya aiki, wanda ya fi saura zafi yana riƙewa. Sabon lainin yana son kwana biyu na tafiya a hankali da rabin kaya kafin ya zauna, daga nan a dawo a sake saiti, a sake duba bayan kowace ƙafa ko ta jiƙe, sannan a loda.